Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanwata Kan Makarantar Halifa

Ƙanwata Maman Halifa,

Da fatan kuna lafiya, ke da Alhaji da yara baki ɗaya. Ya jikin Hajiya? Allah ya sa ciwon ƙafar ya lafa. Mu nan Zariya lafiya ƙalau, sai godiya.

Saƙonki na murya ya iso, na saurare shi har ƙarshe. Na ga maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta, don ki karanta a tsanake, ki kuma miƙa wa Alhaji ya duba in ya dawo daga aiki. Da farko dai barka da arziki. Yaro ya zauna jarrabawar Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha tare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare daga ko'ina a faɗin jihar Kano, sunansa ya fito, an ba shi gurbi a Dawakin Tofa. Ba ƙaramin abu ba ne, Allah ya yi masa albarka. Kin ce in faɗa miki gaskiya, a kai shi ko a bar shi ya ƙarasa a makarantar kuɗin da yake ciki tun firamare. To, ba zan yi miki kwana-kwana ba. A ganina a kai shi, amma da sharaɗi, zan zo kansa.

Na san abin da za ki ce, wai Yaya tsohon malamin gwamnati ne, dole ya yabi gidansu. Ki tuna da na yi ritaya ban naɗe hannu ba, na ci gaba da koyar da Kemistiri a makarantun kuɗi. Na riƙe alli a nan, na riƙe a can, kuma ba ni da hannun jari a ko ɗaya.

Bari in fara da asalin makarantar, don lokacin da aka kafa ta ko tunanin haihuwarki ba a yi ba. A 1977, zamanin mulkin Kanar Sani Bello, jihar Kano tana da shekara goma da kafuwa, amma in aka shiga asibitocinta da ma'aikatun ayyukanta, yawancin likitoci da injiniyoyi ba 'yan jiha ba ne. Sai aka ware makarantu biyu, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka yi musu hukuma tasu ta kansu, aka riƙa tsamo yara masu ƙwaƙwalwa daga sauran makarantun sakandare ta hanyar jarrabawa, ana tara su wuri ɗaya ana ba su kimiyya da lissafi ba sassauci. Rukunin farko ya fita a 1980. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda ta faɗa Jigawa da aka raba jihar a 1991. Farfesa Abdalla Uba Adamu ma a kan waɗannan makarantu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila. Ranar da kuka kai Hajiya asibitin Malam Aminu Kano, ki ɗan tambayi manyan likitocin inda suka yi sakandare, za ki ji sunan Dawaki ya fito.

Sai dai tsohon suna ba ya shiga aji ya koyar. Gwamna Abba Kabir Yusuf da bakinsa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma ba a yin haka a inda komai ke tafiya daidai. Don haka kada ki ce na tura ɗanki saboda labarin shekara arba'in da suka wuce. Dalilina yana nan da ransa, kuma shi ne yaran da zai zauna da su.

Kin ce tun aji ɗaya Halifa ke zuwa na ɗaya. Na yi murna, amma ni wannan ne ya fi damuna. Yaron da ba shi da wanda zai ƙure shi a aji, sannu a hankali yana daina gudu. Ya riga ya gane in ya karanta daren jarrabawa ya isa, malamai suna kiransa farfesa, abokansa suna kwafar aikin gida a wurinsa. Na ga irinsu da yawa. Ba sa sanin nauyinsu na gaskiya sai ranar da sakamakon JAMB ya fito, inda maki 400 ne gaba ɗaya, kuma mai neman likitanci a Bayero ko a nan Ahmadu Bello yana gogayya ne da yaran da ko sunan makarantarsu bai taɓa ji ba. A makarantar da ake shiga da jarrabawa, kowane yaro a ajin na ɗaya ne a inda ya fito. Ɗan malamin firamare daga Rano, ɗan manomi daga Gwarzo, ɗan ɗan kasuwa daga Fagge, kowa ya zo da taƙamarsa, mako biyu ba sa cika sai kowa ya san akwai na gaba da shi.

A wata makarantar kwana da na koyar, na kan zagaya da daddare lokacin firef. Wata rana wuta ta ɗauke, na zaci zan tarar an watse. Sai na iske yara sun yi cincirindo a gaban allo, ɗaya ya haska tocila, biyu suna musu a kan wani lissafi na Fiziks, kowa ya bi ta hanyarsa, amsa ta bambanta. Wani siriri daga can baya, wanda ko Turancin kirki bai iya haɗawa, ya ratso ya karɓi allin, ya nuna musu inda aka manta alamar ragi, ya koma ya zauna bai ce uffan ba. Babu malami a wurin, ni ma a bakin taga na tsaya. Rabin abin da yaro ke koyo a irin wannan makaranta daga na kusa da shi yake samu, kuma wannan ba ya cikin abin da ake rubutawa a takardar kuɗin makaranta, ko nawa ne kuwa.

Wannan ma ya sa nake so ki yi hattara da allunan da ake kafawa a bakin makarantu, wai kashi kaza cikin ɗari sun ci jarrabawa. Makarantar da ta tace yara kafin ta ɗauke su, dole sakamakonta ya yi kyau ko da malamanta na tsaka-tsaki ne, wannan gaskiya ce da ta hau kan Dawaki ma. Makarantar kuɗi kuma tana da nata hanyoyin. Wata takan sallami raunana tun a aji biyu. Wata kuma, kin dai san abin da ake yi, a karɓi kuɗi na musamman ranar jarrabawa, a rufe ƙofa, a rubuta amsa a allo. Yaro ya fito da kiredit tara, ya shiga jami'a, shekarar farko ta tona asiri. Ban ce makarantar su Halifa tana yi ba. Cewa na yi sakamako kaɗai ba ya gaya miki abin da ke faruwa a aji.

Kuma ki lura da wace makarantar kuɗi muke magana. Akwai manya a Kano da Kaduna da Abuja, masu ɗakunan gwaje-gwaje na gani na faɗa, masu riƙe malami shekara goma saboda suna biyansa da kyau. Da a ce ɗaya daga cikinsu ce a gabanki kuma aljihun Alhaji zai ɗauka ba tare da nishi ba, da na ce a zauna a sake lissafi. Amma tamu ba ita ba ce. Tamu irin ta unguwa ce mai rufin asiri, gidan haya mai bene, yunifom mai kyau, motar ɗaukar yara. Irin waɗannan suna ƙoƙari sosai a firamare da ƙaramar sakandare, ba na raina musu. A babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, a nan ne ƙafarsu ke gazawa, domin malamin Fiziks ko Kemistiri ƙwararre tsada gare shi. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a doka naira dubu 70 ne, amma ki tambayi duk malamin makarantar kuɗi na unguwa da kika yarda da shi nawa yake ɗauka. Shi ya sa ba sa zama. Da ya samu wani aiki ya tafi, a kawo ɗan bautar ƙasa ya rufe gurbi, shi ma shekara na cika ya ƙara gaba, yara su koma babi na ɗaya da sabon malami.

Ga batun aikin hannu. A jarrabawar WAEC da NECO, ɗan kimiyya sai ya tsaya gaban tebur ya yi gwaji da kansa. A Kemistiri za a ba shi dogon bututun gilashi mai ma'auni cike da asid, ya riƙa sakinsa ɗigo-ɗigo cikin kwalba yana jujjuyawa, idonsa a kan ruwan, har launin ya juya daga ruwan ɗorawa zuwa ja-ja. Ɗigo ɗaya ya wuce, lissafi ya ɓaci. An taɓa kawo mini wata yarinya lesin, takardar sakamakonta cike da yabo, ta haddace komai har ta fi ni saurin faɗa. Na miƙa mata bututun, ta riƙe shi kamar an ba ta jaririn da aka haifa yau, ta murɗa famfon gaba ɗaya, asid ya zube har kan tebur. Ba laifinta ba ne. A makarantarsu kayan suna cikin kabad a ofishin mai makaranta, ana fito da su ne in masu duba makarantu za su zo.

Ba zan hana makarantar kuɗi haƙƙinta ba. Turancin Halifa ya fi na yawancin waɗanda zai tarar, kuma ita ta ba shi. Ajinsu ba cunkoso, malami ya san sunan kowa, in ya yi fashi akwai mai tuhumarsa a ranar. Ke kuma in wani abu ya faru, adaidaita sahu ɗaya ya kai ki ofishin shugabar makaranta, ki yi faɗanki a saurare ki, don kuɗinki ne. A makarantar gwamnati ba za ki samu wannan gatan ba. Za ki zama uwa ɗaya cikin ɗaruruwa, ki shirya wa hakan tun yanzu.

Yanzu kuɗi, wanda kika bari sai ƙarshen saƙonki, kina faɗa kamar abin kunya. Babu kunya a ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kin ga yadda komai ya koma, kuma masu makarantu su ma dizal suke saya, haya suke biya, duk shekara sai sun ƙara. Babbar sakandare zango tara ce. Bayan kuɗin zango akwai littattafai da dole a saya a wurinsu, da kuɗin mota, da lesin, da rajistar WAEC da NECO da JAMB a aji uku, da bikin yaye ɗalibai da aka mayar kamar biki na aure. Kin ce yanzu ma sai kin haɗa da kuɗin adashinki ake rufe zango. To ƙannensa uku da ke tafe fa? Sannan jami'a na nan tana jira, likitanci shekara shida, injiniyanci biyar, kuma a 2023 jami'o'in tarayya da dama, har da Bayero, sun ƙara kuɗin rajista. Iyaye da yawa suna ƙarar da ƙarfinsu a sakandare, yaro ya samu gurbin jami'a a tarar rumbu ya ƙare.

Abin da na fi tsana a shekarun da na yi a makarantun kuɗi shi ne ranar kora. Ana tsakiyar darasi, akawu zai leƙo da takarda, ya fara kiran suna. Yaro ya miƙe yana tattara littattafai, kansa a ƙasa, sauran suna kallonsa. Wani uban nasa mutumin kirki ne, albashi ne kawai ya yi jinkiri. Irin yaron nan ko ya dawo bayan kwana uku, sai ka ga ya daina ɗaga hannu a aji. Ba na so Halifa ya ɗanɗani wannan a shekarar da zai zauna babbar jarrabawa. Kada kuma ki ɗauka ta gwamnati kyauta ce fes. Akwai akwati da katifa da gidan sauro, akwai kayan marmari na ranar ziyara, akwai 'yan kuɗaɗen ƙungiyar iyaye da malamai, littattafan kirki ma ku za ku saya. Amma duk a haɗa ba za su kama ƙafar abin da kuke biya yanzu ba. Shawarata ga Alhaji, rarar kada ta narke cikin cefane. A buɗe mata asusu dabam da sunan jami'ar yaron, a manta da ita.

Na zo kan abin da na san shi ne ainihin abin da ke hana ki barci, ko da ba ki furta shi sosai ba. Babu uwar da za ta ji makarantar kwana a yau gabanta bai faɗi ba. A Disambar 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashi yara fiye da 300. A Fabrairun 2021 aka yi Kagara da Jangebe, a Yuni aka yi kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri. Gwamnatin Kano ita ma a lokacin ta rufe wasu makarantun kwana ta mayar da yara gida. Tsoronki yana kan hanya, ba zan ce miki ki daina ba. Abin da zan ƙara kawai, ki duba inda waɗannan wurare suke. Yawancinsu a bakin dazukan da ɓarayin ke fakewa ne. A Yulin 2021 kuma makarantar Bethel Baptist aka shiga a Kaduna aka ɗebi yara fiye da ɗari, ita kuwa ba ta gwamnati ba ce. Ɓarawo ba ya tambayar wa ke da makaranta, hanyar gudu yake dubawa. Dawakin Tofa tana nan kusa da ku, a ƙaramar hukumar da kasuwar Dawanau take, cikin garuruwa da jama'a, ki je da safe ki dawo ki dafa abincin rana. Tsari na Allah ne, amma Manzonsa ma ya ce a ɗaure raƙumi, kuma a nan ne sharaɗina ya shigo.

Kada ku amsa, kada ku ƙi, sai kun je da ƙafarku. Ku je ranar karatu, ba ranar ziyara ba, don ranar ziyara kowace makaranta wanka take yi. Alhaji ya zagaya katanga ya ga ko tana da ɓaraka, ya zauna da maigadi su gaisa, ya ji su wa ke kwana a bakin ƙofa da dare, da nisan ofishin 'yan sanda. Ke kuma ki nemi a nuna miki ɗakin kwana da banɗaki da inda ake ɗiban ruwa, domin makarantar kwana in ba ruwa, rabin ranar yaro a layin famfo take ƙarewa. Ki leƙa ɗakin shan magani ki ga ko akwai mai zama a ciki. A ɗakin gwaje-gwaje kada kyan gini ya ɗauke miki hankali, ki dubi teburan. In kin ga tabon asid da ƙonewa, kwalabe rabi-rabi, to ana aiki. In komai tsaf yake da ƙura a kai, kin samu amsarki. Sannan ki ja wani ɗan aji biyu gefe, ba wanda aka zaɓo muku ba, ki ce ya nuna miki littafinsa na Lissafi. Kwanan watan da ke saman kowane shafi zai gaya miki sau nawa malami ya shiga a wata, jan biro kuma zai gaya miki ko ana dubawa. In abin da kuka gani bai kwanta muku ba, hukumar tana da makarantar kimiyya ta jeka-ka-dawo a cikin birni, Alhaji ya je ofishinsu ya nemi canji kafin a ce a haƙura gaba ɗaya.

Sauran abubuwan da kika lissafa ba sa tayar mini da hankali sosai. Abinci dai gabza ce, kowa ya ci ya rayu, ki haɗa shi da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji. Zai rame a zangon farko, Hajiya za ta yi ta salati, ya dawo da ƙibarsa a hutu. Wanki da shara kuwa, yaron da ya kai shekara goma sha biyar ana wanke masa safa, lokaci ya yi. Siniyoyi ne kawai nake so ki sa wa ido. Aike da ɗiban ruwa duk ɗan makarantar kwana ya yi, amma duka da ƙwace da abin da ya fi haka muni ba horo ba ne, kuma yara maza ba sa faɗa. Alhaji ya zaunar da shi kafin tafiya, su yi magana ta ɗa da uba, ya san akwai abin da ba a yin shiru a kansa ko an yi masa barazana. Ku kuma samu malami ɗaya a cikin makarantar ku damƙa masa amanarsa, ku karɓi lambarsa. Batun haddarsa da Hajiya ta kawo gaskiya ne, izu goma sha biyar ba abin wasa ba ne, in ba tilawa za su zube. Ya tafi da Alƙur'aninsa, ya riƙe bayan asuba, a hutu kuma ya koma wurin malaminsa na Islamiyya ya yi bita. A makarantar zai tarar da waɗanda suka fi shi hadda, ki rubuta ki ajiye.

Abu ɗaya nake roƙonki da shi musamman. Sakamakon zangon farko zai zo, kuma mai yiwuwa ki ga na goma sha biyar ko na ashirin a inda kika saba ganin na ɗaya. Kada ki ɗaga hankalinki, kada ki ce an lalata miki yaro, kada kuma Alhaji ya yi masa faɗa. Shi kansa zai ji zafin abin fiye da ku. Akwai yaran da wannan ke zaburarwa, akwai kuma waɗanda yake karya wa gwiwa, kuma sau da yawa abin da aka faɗa musu a gida a wannan hutun ne ke raba su. Ki tambaye shi wa ya zo na ɗaya, ki ce ya matsa kusa da shi su riƙa karatu tare. In shekara ta zagayo kika ga yaro ya shiga ƙunci, ba ya ci, ba ya magana, karatun ma ya ja baya, to a dawo da shi, ba abin kunya ba ne. Ƙofar makarantar kuɗi ba ta rufuwa ga mai kuɗi a hannu, ko tsakiyar zango ne za su karɓe shi da murna. Gurbin Dawaki kuwa in aka bar shi ya wuce, wani yaron za a kira.

Shi kuma Halifan, a duk saƙon nan naki ban ji inda kika ce ga abin da ya ce ba. Ku tambaye shi, kuma ba a gaban Hajiya ba, don ba zai iya cewa yana son tafiya tana zaune tana share hawaye ba. In kun sa ranar zuwa ganin makarantar ku tafi da shi. Ki sanar da ni ranar tun da wuri, in Allah ya yarda zan shigo motar safe daga nan mu haɗu, ɗakin gwaje-gwajen dai ki bar mini shi. Ina da littattafan Kemistiri da Fiziks da tarin tambayoyin shekarun baya, zan taho masa da su ko ina aka tsayar.

Ki gaishe mini da Hajiya da kyau, ki ce ta rage zirga-zirga a kan ƙafar nan. Ki gai da Alhaji da yara. Antinku tana gaisuwa, ta ce tana nan tana haɗa wa ɗanta yajin tafiya, wai ko kun yarda ko ba ku yarda ba.

Wassalam.

Naki,
Yayanki